Enzayim mai gyaran harafi ɗaya, da abin da ya haɗa shi da amosanin jini

Duk mahaifin da ya taɓa kwana a babban asibitin Damagaram yana tausa ƙafar yaro mai amosanin jini ya san tambayar da ake yi wa likita idan gari ya waye: shin akwai maganin da zai raba yaron nan da ciwon gaba ɗaya? Amsar ta fara canzawa a ƴan shekarun nan, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da ake gwadawa ta samo asali ne daga wani ƙaramin enzayim, wato furotin mai gudanar da aikin sinadari a cikin sel, da ba ruwansa da jini ko kaɗan. A jikin bakteriya sunansa TadA, a jikin mutum kuma ADAT. Aikinsa na asali gyaran harafi ɗaya ne tak a jikin tRNA, wani ɗan guntu da sel ke amfani da shi wajen ƙera furotin. Ina ganin ya kamata ɗaliban likitanci da masu aikin labo a nan su san shi da kyau, domin ya shafe mu ta ƙofa biyu: ta auren zumunci, da ta amosanin jini.

Sel yana ƙera furotin ne ta hanyar karanta saƙon mRNA, wato kwafin da ake ɗaukowa daga DNA, harafi uku-uku. Kowane uku ana kiransa kodon. Haruffan huɗu ne, A da U da G da C, don haka kodon 64 ke akwai. Uku na tsayar da karatu ne, 61 kuma suna nuna amino asid 20, tubalan da ake gina furotin da su. Mai kawo amino asid ɗin zuwa rayibozom, na'urar da ke ƙera furotin, shi ne tRNA, ɗan guntun RNA mai haruffa kamar 76 zuwa 90, wanda a wurare na 34 da 35 da 36 yake ɗauke da antikodon, wato haruffa ukun da ke manne wa kodon. Da a ce kowane kodon sai da nasa tRNA, da sel ya buƙaci iri 61. Ba ya da wannan adadi, kuma ba ya buƙatarsa. A 1965 Robert Holley ya karanta jerin haruffan tRNA mai ɗaukar amino asid alanin a cikin yis, ya tarar da wani baƙon harafi a farkon antikodon, inosin. Shekara guda bayan haka Francis Crick ya bayyana dalili: harafi na 34 ba ya da tsauri wajen mannewa, kuma idan inosin ne a wurin, yana iya kama U, ya kama C, ya kama A. Mabuɗi ɗaya ke nan mai buɗe kwado uku.

Abin da za a riƙe shi ne, babu inosin a rubuce cikin DNA. Ƙwayar gadon tRNA tana da A a wurin, sai bayan an kwafo shi ne enzayim ya zo ya mayar da A ɗin, wato adenosin, inosin. Yadda yake yi ba wuya. A tsakiyar enzayim ɗin akwai zink guda, wanda amino asid uku, histidin ɗaya da sistin biyu, ke riƙe da shi. A TadA na bakteriyar E. coli su ne na 57 da 87 da 90 a jerin amino asid ɗinsa. Zink ɗin yana riƙe ƙwayar ruwa, sai gulutamet na 59 ya zare mata furoton, ruwan ya afka wa kabon na shida a jikin adenin, rukunin amino ya fita a matsayin amoniya, oksijin na ruwan ya maye gurbinsa. Shi ke nan. Ba a yanke tRNA, ba a ƙara masa tsawo, ba a kashe ATP, wato makamashin sel. Idan aka canza gulutamet na 59 zuwa alanin, enzayim ɗin yana nan da siffarsa amma ba ya iya komai, kuma da irin wannan mataccen ake auna gaskiyar kowane gwaji.

Ɗakin binciken Walter Keller a Basel ne ya gano iyalin. A 1998 suka fitar da Tad1, mai aiki a wuri na 37 na tRNA ɗin alanin kaɗai. A 1999 André Gerber da Keller suka nuna cewa mai gyaran wuri na 34 a yis furotin biyu ne a haɗe, Tad2 da Tad3, kuma idan aka cire ko wanne yis ba ya rayuwa. A 2002 suka gano TadA a E. coli. Bambancin na bakteriya da namu yana da muhimmanci. TadA biyu ne iri ɗaya manne da juna, kuma a E. coli tRNA ɗaya kaɗai yake gyarawa, na arjinin mai antikodon ACG. Ko guntun hannun antikodon kawai aka ba shi, zai yi aikinsa. Namu kuwa ADAT2 ne da ADAT3. ADAT2 ke yin aikin sinadarin. ADAT3 yana riƙe da zink amma ya rasa gulutamet ɗin nan, don haka nasa shi ne kamo tRNA da daidaita masa zama. Sai an ba su cikakken tRNA mai siffarsa suke aiki, kuma iri takwas suke gyarawa: na tiriyonin, alanin, furolin, serin, lusin, aisolusin, balin da arjinin. Gyaran yana farawa tun tRNA bai gama nuna ba, yana cikin cibiyar sel.

Me ke faruwa idan gyaran ya ragu? A wanda ba a gyara ba yana kama U sosai, amma ba ya kama C yadda ya kamata. A waɗannan rukunai takwas kuwa, jikin mutum kusan ba ya da tRNA mai G a wuri na 34 da zai karanta kodon masu ƙarewa da C. Ke nan GCC na alanin, da ACC na tiriyonin, da CCC na furolin, duk sun dogara ga inosin, kuma waɗannan suna cikin kodon da suka fi yawa a ƙwayoyin gadonmu. Rayibozom ya iso wurin, ya tsaya jira, furotin ya fito a makare ko ya naɗe ba daidai ba. Furotin da suka fi shan wahala su ne masu dogayen jeri na serin da tiriyonin da furolin, irin waɗanda ke yin majina da yauƙin hanji. Shi ma inosin ɗin ba daidai yake kama ukun ba: riƙonsa da A rarrauna ne, har an nuna a yis cewa CGA biyu a jere suna sa rayibozom ya cije.

Ƙofa ta farko: auren zumunci

A 2013 ƙungiyar Fowzan Alkuraya a asibitin Sarki Faisal na Riyad ta ba da rahoton iyalai da dama, duk masu auren zumunci, da ƴaƴansu ke da tawayar fahimta da harara-garke. Aibin guda ne a cikinsu duka: harafi ɗaya a ƙwayar gadon ADAT3, a kan kuromozom na 19, wanda ya mayar da balin metiyonin. Mai karanta sakamakon gwaji ya lura, ana rubuta shi V144M, wasu takardun kuma V128M. Abu ɗaya ne, wurin fara ƙirga ne ya bambanta. Daga baya aka ga yana cikin sanannun musabbaban tawayar fahimta ta gado a Saudiyya, kuma an sami wasu aibobin daban na ADAT3 a wasu ƙasashe. Alamomin da ke tafiya da shi su ne jinkirin zama da tafiya da magana, rashin girma, ƙaramin kai, sanyin jiki a jarirai ko ƙagewar gaɓoɓi daga baya, wasu kuma da farfaɗiya.

Balin ɗin nan ba ya kusa da zink. Yana wani ɓangare na farkon furotin ne, wanda ke kamo tRNA ya miƙa wa ADAT2. Da ya canza, furotin ɗin yana yawan dunƙulewa, kuma a sel ɗin marasa lafiya an auna inosin ya ragu, bai ƙare ba. Wannan shi ya sa yaran ke rayuwa. Da aikin ya tsaya cak, da cikin ma bai zauna ba. Ƙwaƙwalwa ce ta fi jin jiki, kuma gwaji a ɓeraye ya nuna cewa idan aka rage ADAT2 ko ADAT3, sel ɗin ƙwaƙwalwa ba sa isa mazauninsu lokacin da ɗan tayi ke haɗuwa.

Gadonsa irin na amosanin jini ne. Sai uwa da uba duk suna ɗauke da aibin, su kuma lafiyarsu lau, sannan kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na haifar yaro mai ciwon. Kowane ciki lissafinsa daban. Haihuwar mai ciwo ɗaya ba ta wanke uku na gaba. Ɗan wa da ƴar ƙane sun yi tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na gadonsu, shi ya sa aibin da ba kasafai ake gani ba yake samun haɗuwa da ɗan'uwansa a gida ɗaya. Ba ina cewa a bar auren zumunci ba ne. Mafi yawan ƴaƴan da ake haifa a cikinsa lafiyayyu ne. Abin da nake cewa shi ne, idan a gida ɗaya aka sami yara biyu ko uku masu jinkirin girma da harara-garke, to likita ya zana bishiyar dangi har kakanni kafin ya ɗora laifin a kan wahalar naƙuda, dangi kuma su daina ɗora wa uwa ko iska. ADAT3 ɗaya ne cikin ɗaruruwan ƙwayoyin gado da ke iya jawo haka, don haka gwajin da ya dace shi ne mai karanta dukkan sassan da ke ƙera furotin, na yaro da na iyayensa biyu. Babu maganin da ke gyara aibin a yau. Amma ido ana duba shi da wuri don kada ɗaya idon ya daina gani, farfaɗiya tana da magani, gashin gaɓoɓi da motsa jiki suna hana ƙagewa, iyaye kuma su san lissafin ciki na gaba.

Ga masu aikin labo

Neman aibin a DNA ba ya da wahalar ɗauka. Jini mililita biyu zuwa huɗu a kwalba mai murfi shuni, wato mai EDTA, ya isa, ko ɗigon jini a takardar tacewa da aka bari ta bushe sarai a inuwa kafin a sa ta cikin leda da abin tsotse danshi. Kada a yi amfani da kwalba mai heparin, yana hana PCR, gwajin ninka DNA, tashi.

Auna inosin ɗin kansa shi ne mai wuya, domin RNA ba ya jure zafi, balle zafin Afrilu da Mayu na nan da ke wuce digiri 40, ga kuran da ke ɗaukewa. Sel ya shiga TRIzol, ruwan fitar da RNA, nan take, mililita ɗaya ga sel miliyan biyar zuwa goma. A zuba kulorofom mililita 0.2, a girgiza, a juya a 12,000 g minti 15 a digiri 4, a kwashe ruwan sama ba tare da taɓa farin tsakiya ba, a kwantar da RNA da aisofurofanol mililita 0.5, a wanke da etanol kashi 75. Kuskuren da aka fi yi shi ne amfani da bututun silika na yau da kullum: yana zubar da duk RNA da bai kai haruffa 200 ba, wato tRNA ɗin da ake nema ya bi ruwan wanki. Bayan nan a cire amino asid da ke rataye a wutsiyar tRNA da Tris mai pH 9, digiri 37, kamar rabin awa, in ba haka ba abin da za a liƙa a wutsiyar ba zai kama ba.

Dabarar gano inosin ita ce, enzayim mai mayar da RNA zuwa DNA yana karanta shi kamar G. Ke nan inda ƙwayar gado ta ce A, sakamako zai nuna G, kuma tsayin G a kan A shi ne ma'aunin gyaran. Matsalar ita ce tRNA cike yake da wasu gyare-gyaren, musamman metil da ke kan A na 58, wanda ke tsayar da enzayim kafin ya kai antikodon. Ko dai a fara goge metil ɗin da enzayim AlkB, ko a yi amfani da enzayim mai tsallakewa irin TGIRT, ko a dasa farkon kwafi a gaban wuri na 58. Wanda ke son ganin aikin enzayim ɗin a kwalba kuwa, ya ƙera tRNA da enzayim T7 da ATP mai alama, ya haɗa su, ya narke da nukiliyes P1, ya raba AMP, wato harafin A, da IMP, wato inosin, a faranti. Idan bai ga IMP ba, ya fara duba abu biyu: ko ruwan haɗinsa na da abin da ke ƙwace zink, ko kuma tRNA ɗin bai naɗe ba don ba a ɗumama shi an bar shi ya huce da magniziyom ba.

Ƙofa ta biyu: amosanin jini

Nan ne labarin ya ɗauki wata hanya da babu wanda ya zata a 2002. Tunda na'urar sel tana karanta inosin kamar G, duk wanda ya iya sa inosin a wurin da yake so cikin DNA ya iya mayar da A zuwa G. Amma ba a san wani enzayim da ke yi wa adenin na DNA haka ba. Nicole Gaudelli, a ɗakin binciken David Liu a Amurka, ta ɗauki TadA na E. coli ta tilasta masa koyon DNA. An sa wa bakteriya ƙwayar gadon jure maganin kashe su wadda aka lalata da harafi ɗaya, ta yadda sai wanda TadA ɗinsa ya gyara harafin ne zai rayu. Canji na farko mai amfani ya faɗo a amino asid na 108, wanda a asali yake riƙe wani ɓangare na sukarin RNA da babu shi a DNA. Bayan zagaye bakwai aka sami na'urar gyaran A mai suna ABE7.10, aka wallafa a 2017. A 2020 aka fitar da ABE8e, wanda ya fi shi sauri sau ɗaruruwa.

Na'urar guda uku ce a haɗe: TadA da aka canza, Cas9, almakashin DNA, da aka dakushe don ya yanki igiya ɗaya kawai ta DNA, da RNA jagora mai haruffa 20. Cas9 ya buɗe igiyoyin biyu, TadA ya gyara A da ke tsakanin harafi na huɗu da na bakwai na wurin da jagoran ya nuna, ko kusa da haka, yankan da aka yi wa ɗaya igiyar kuma ya sa sel ya sake gina ta bisa sabon harafin. Kusan rabin aibobin harafi ɗaya da aka sani suna jawo ciwo a jikin mutum irin wanda wannan juyi zai iya gyarawa ne.

Amosanin jini ba ya cikin rabin nan kai tsaye, kuma nan ne dabarar ta fi burge ni. Aibinsa a kodon na shida ne na ƙwayar gadon beta-gulobin, wani ɓangare na haemoglobin, furotin mai ɗaukar oksijin a jini: GAG ya koma GTG, gulutamet ya koma balin. TadA ba ya iya mayar da T zuwa A. Amma a ɗaya igiyar, kishiyar T ɗin nan A ne. Idan aka mayar da shi G, kodon ya zama GCG, wato alanin. Wannan ba haemoglobin na kowa ba ne, amma akwai mutane da aka haifa da shi, ana kiransa Makassar da sunan wani birni a Indonesiya, kuma ba ya sa jini lanƙwashewa. A 2021 ƙungiyar Liu da ta asibitin St. Jude suka nuna sun juya kusan kashi 80 cikin ɗari a sel ɗin ɓargon masu ciwon, kuma bayan mako 16 a jikin ɓeraye kashi 68 na nan. Hanya ta biyu, wadda ta riga ta kai ga gwaji a jikin mutane da sunan BEAM-101, ba ta taɓa aibin ma; tana gyara haruffa a gaban ƙwayoyin gadon gama-gulobin don haemoglobin na jarirai ya ci gaba da fitowa, shi kuma yana hana na sikila haɗuwa ya yi sanda.

Kada a ɗauka allura ce a yi a koma gida. Ana fara wa mara lafiya ƙarin jini na watanni. A ba shi maganin plerixafor don sel ɗin ɓargo su fito cikin jini. Maganin G-CSF da ake ba wasu don wannan aiki haramun ne ga mai amosanin jini, yana tayar da ciwon har ya kai ga kisa. A tace sel ɗin da na'ura, sau da yawa fiye da zama ɗaya, a kai su masana'anta a shigar musu da mRNA na enzayim ɗin da bugun lantarki. Sannan a ba shi busulfan kwana huɗu don a kashe tsohon ɓargo, a mayar masa da sel ɗinsa, ya yi makonni a keɓe ba shi da garkuwa. Busulfan yana iya hana haihuwa har abada, kuma a gwajin BEAM-101 mutum ɗaya ya rasu da ciwon huhu da aka danganta da busulfan ɗin. Shi kansa enzayim ɗin yana da nasa aibi. Idan akwai wani A kusa da wanda ake nufi, yana iya gyara su duka, kuma mai sauri ya fi yin haka. Bai manta asalinsa ba, yana taɓa RNA na sel barkatai, shi ya sa ake ƙara masa canjin V106W kuma ake ba da shi a matsayin mRNA mai saurin ruɓewa, don kada ya daɗe. Kuɗi kuwa, Casgevy, wani maganin gyaran gado na amosanin jini wanda aka amince da shi a Ingila da Amurka a ƙarshen 2023 kuma yake yanke DNA maimakon gyara harafi, dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, fiye da sefa biliyan ɗaya.

Abin da zai iya sauya wannan lissafi shi ne kai enzayim ɗin cikin jiki kai tsaye, ba tare da fitar da ɓargo ba. A hanta an riga an yi. A 2025 likitocin Philadelphia suka yi wa wani jariri mai aibin CPS1, ciwon da ke sa amoniya taruwa a jini, magani nasa shi kaɗai cikin kimanin wata shida: mRNA na jikan TadA a cikin ƙananan ƙwayoyin kitse, ta jijiya. Ƙwayoyin kitsen hanta suke nufa da kansu. Kai su ɓargo shi ne aikin da ake fama da shi yanzu, kuma shi ne wanda ya kamata mu riƙa bibiya daga nan, domin asibitin da ba ya da sashen dashen ɓargo zai iya rataya ledar ƙarin ruwa.

Akwai wata fuska da ta shafi makiyaya. Ƙwayar Trypanosoma brucei, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, mai jawo ciwon barci ga mutane kuma ɗaya daga cikin masu jawo sammore ga shanu, ba ta rayuwa sai da ADAT2 da ADAT3 nata. Ƙungiyar Juan Alfonzo ta nuna cewa nata yana aiki biyu: ya yi inosin a wuri na 34, kuma tare da wani enzayim mai sa metil ya mayar da C zuwa U a wuri na 32 na tRNA ɗin tiriyonin. Haka TadA na bakteriya, wanda aka ga siffarsa manne da RNA tun 2006 a Staphylococcus aureus. Duk biyun wurare ne da za a iya harba wa magani, amma zuciyar zink ɗinsu ta yi kama da tamu ƙwarai, kuma yaran Riyad sun nuna abin da ragin aikin namu ke haifarwa. Har yau babu irin wannan magani a kanti.

Kafin gyaran ɓargo ya iso Damagaram, abin da ke hannunmu ba kaɗan ba ne. Gwajin Emmel yana nuna akwai haemoglobin S amma ba ya raba AS, mai ɗauke da aibin kawai, da SS, mai ciwon, ba ya ganin haemoglobin C ma sam, don haka masu shirin aure su nemi elektroforez, gwajin da ke rarrabe nau'o'in haemoglobin. Jaririn da aka gano da wuri a sa shi kan penisilin da rigakafin nimoniya da kariyar zazzaɓin cizon sauro, a koya wa uwa taɓa saifa, a fara hydroxyurea bisa nauyinsa ana bin ƙirgar jininsa. Duk wani gwajin gyaran gado da za a kawo Nijar zai nemi marasa lafiya da aka tabbatar da nau'in ciwonsu, masu kundin asibiti na shekaru, waɗanda ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwarsu ba su riga sun lalace ba, da kuma ma'aikatan labo daga jami'ar André Salifou da sauransu da suka iya karanta A da G a sakamako.